Neman kalmar Hausa: me za mu ce wa "social class"?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe ƙarfe huɗu na yamma zan gabatar da shiri kan binciken da masanin nazarin al'umma M. G. Smith ya wallafa a 1959 game da matsayin mutane a ƙasar Hausa. Kalmar nan ta tsaya min a wuya. Na rubuta "aji", da na karanta wa mai ɗaukar sauti sai ya ce, Anti, na firamare ko na sakandare?

Bazazzagi: Rukunin jama'a.

Ɗan Damagaram: Rukuni ya yi faɗi, Yaya. 'Yan adashe ma rukuni ne, kuma babu na sama babu na ƙasa a cikinsu. Malamanmu da suka yi karatu a Masar "ɗabaƙa" suke cewa.

Baba Tsohon Tafinta: Subhanallahi! Mu gudu daga Turanci mu faɗa Larabci? Tun kaka da kakanni ake cewa mutane hawa-hawa ne. Ki ce "hawan jama'a", 'yata. Na daɗe ina kawo wannan kalma, yaran zamani ba sa ji.

Malamin Jami'a: Allah ya ƙara girma Baba, abu biyu ake cakuɗawa. Max Weber, Bajamushe masanin zamantakewa, ya raba abin da mutum ya mallaka da girman da ake ba shi. Mahauci zai tara gidaje da motoci, amma ranar da ya aika neman aure gidan sarauta, asalinsa za a fara tambaya. Smith ya kama wannan da karda da shigege, sana'ar gado da wadda aka shiga da rana tsaka. "Hawa" ya fi kama da daraja. Ita Hajiya maganar dukiya da sana'a take nema.

Ɗan Damagaram: Kuma Baba, daraja da attajiri da malam duk daga Larabci suke.

Baba Tsohon Tafinta: Waɗannan sun zauna sun haihu da mu. Abin da ke min ciwo, ku 'yan boko kunyar harshenku kuke ji. Sai kalma ta yi ƙamshin waje kuke ganin ilimi ce.

Bazazzagi: Ba kunya ba ce, Baba. Sanarwar Sawaba ta NEPU a 1950 ta yi maganar gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, kowa ya gane ba tare da sabuwar kalma ba.

Mai shirin rediyo: Jama'a, dare na yi. Zan ce "ajin arziki", in bi shi da misalin talakawa, attajirai da sarakuna. Wajen maganar asali in ce "daraja".

Malamin Jami'a: Sarakuna ba su zauna daidai a ajin arziki ba, amma a rediyo zai wuce.

Baba Tsohon Tafinta: Ban gamsu ba. To, ki ambaci hawa-hawa ko sau ɗaya ne, ki ji abin da masu kira za su ce.