Wai fim ɗin kaboyi na Clint Eastwood ba na Amurka ba ne?

Ɗan Nima:
Salam 'yan uwa. Jiya da dare muna shan ataya a bakin layi sai musu ya kaure, kawuna ya ce fim ɗin kaboyin nan mai kiɗan fito, The Good, the Bad and the Ugly, wai ɗan Italiya ne ya yi shi, ni kuwa na ce ina, na Amurka ne, har muka sa waakye na safe. Don Allah na ci ko an ci ni?

Baba Mamobi:
Yaro je ka sayi waakye, ka ce a sa ƙwai da wele. Sergio Leone sunansa, a Roma aka haife shi 1929, kuma gado ya yi don babansa darakta ne mamansa 'yar wasa. Fim ɗin da kake magana 1966 ya fito, shi ne na uku cikin finafinan kaboyin da ya yi da Clint Eastwood, kafinsa akwai na 1964 da na 1965. Hamadar nan da kake gani ba Texas ba ce, Almeria ce a Sifen. Mu a silimar Orion muka kalla, idan aka jawo idon mutum ya cika bango ga gumi na zuba ga hannu kusa da bindiga sai silima ta yi tsit, ko mai cin gyaɗa sai ya tsaya, mintoci ba wanda ya ce uffan sai kiɗa kawai. Mai kiɗan ma Ennio Morricone tare suka yi firamare da Leone.

Ɗan Nima:
To Baba ya aka yi suke Turanci? Kuma Django fa?

Malam Sabon Zongo:
Django na Sergio Corbucci ne, wani Sergio daban. Turancin kuma ɗora shi aka yi daga baya, kowa yarensa yake yi gaban kamara, ka lura da bakin wasu ai bai tafiya da maganar. Leone kansa lokacin bai jin Turanci, da tafinta da nuni yake gaya wa Eastwood abin da zai yi, a fim na farko ma Bob Robertson ya sa a madadin sunansa don a ɗauka Ba'amurke ne, ka ga ba kai kaɗai ya ruɗa ba. Amma gaskiya labarin na 1964 kwasowa ya yi daga Yojimbo na Kurosawa ɗan Japan ba izini, aka kai ƙara, sai da aka biya.

Hajiyar Madina:
Ni abin da ya ban tausayi fim ɗin Leone na ƙarshe ne, Once Upon a Time in America, 1984. Shekaru sama da goma yana bin aikin nan, ya kawo minti 229 masu rarrabawa a Amurka suka datse shi ya koma 139 suka hargitsa labarin, bai sake wani fim ba har zuciya ta buga masa a 1989 yana da shekara 60.

Ɗan Nima:
Shi ke nan na sha ƙasa. Kawu ma ya aiko yanzu wai a ƙara masa talia da shito.