Neman shawara: mu hau dutsen Sauda a watan Agusta ko mu haƙura?

Mai tambaya, daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu biyar ne abokai, shekara uku ke nan muna burin zuwa garin Abha da ke kudu maso yammacin Saudiyya mu hau dutsen Sauda da ƙafa, kowa da jakarsa a baya, mu kwana biyu a tanti, sannan mu gangara wajen tsohon ƙauyen Rijal Alma. Bana Allah ya haɗa mana hutu lokaci ɗaya, kwana huɗu a tsakiyar Agusta. Mun yi karo-karo mun sayi tanti biyu da ɗan risho na gas, mun kuma kama motar haya.

Abin da ya dame ni yanayin wurin ne. In na duba waya da safe ta ce rana, da yamma ta ce tsawa da ƙanƙara. Babbanmu, wanda muke kira Yaya, ya ce ruwa rahama ne, wanda ya ga daminar Kano ba zai ji tsoron ruwan Saudiyya ba. Ƙaraminmu kuwa yana da asma, kuma ni na je har Makka na durƙusa gaban mahaifiyarsa kafin ta amince ya bi mu. Cewa ta yi, “Amana na ba ka.” Maganar nan ta hana ni barci. Mu tafi ne, ko mu ɗaga? In mun ɗaga, ban san ranar da hutu zai sake haɗa mu ba.

Dattijo direban babbar mota, Khamis Mushait:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida min Yayan naku, ka ce masa ruwan Kano a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake sauka, ƙasa ta sha abin da za ta sha. Na nan a kan dutse yake sauka, ba inda zai shiga, sai ya taru ya bi kwari gaba ɗaya.

Na gani da idona. Wata rana na tsaya a gefen wani kwari a gangaren Tihama, wato ƙasar da ke tsakanin duwatsun nan da teku, zan yi sallar La'asar. Sama tas, ko ɗigo babu, yashin kwarin busasshe har awaki na kwance a ciki. Ina cikin alwala na ji wani rugugi kamar tirela na tahowa daga nesa. Makiyayin ya fara ihu yana jifan awakinsa da duwatsu su hau tudu. Kafin in ɗauke buta, ga ruwa nan ja wur kamar kunun kanwa, yana tafe da itatuwa da duwatsu masu girman buhun shinkafa. Can saman dutse aka yi ruwan, mu ba mu ma san an yi ba. Shi ne Larabawa ke ce wa saili.

To wurin da zai fi ba ku sha'awar kafa tanti shi ne irin wannan kwarin, don yashinsa laushi, ga inuwa, ga shi iska ba ta dukansa. Kada ku kwana a ciki, ko da taurari sun cika sama. Da mota ma kada ku ratsa kwari yana gudu. Hukuma na cin tarar riyal 5,000 zuwa 10,000 a kan haka, tarar kuwa ita ce mafi sauƙin abin da zai same ku.

Ɗalibin jami'a, Abha:
Baba ya gama magana, sai dai in ƙara lissafi. Jidda a bakin teku take. Abha ta haura mita 2,200, ƙololuwar Sauda kuma wajen mita 3,000. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida da rabi, wato tsakaninku da saman dutsen akwai kusan digiri 20. Za ku bar gida kuna gumi, ku kwana kuna karkarwa.

Amma yanayin bai rikice kamar yadda waya ke nuna maka ba, yana da ɗabi'arsa. A wannan lokacin yawanci safiya garau take. Daga Azahar iska mai laima ke hawowa daga Tihama, hazo ya bi jikin dutsen ya taso kamar hayaƙi, can sai hadari. Don haka ku fita bayan Asuba, ku tabbata kun bar ƙololuwa da bakin gangara kafin Azahar. In kun ga walƙiya ku ƙirga daƙiƙoƙi har ku ji tsawa: duk daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne. In bai kai 30 ba, ku sauka daga tudu, kada ku fake ƙarƙashin itace guda tilo, ku nufi mota ko gini.

Sannan tun da aka ƙaddamar da aikin gina wurin yawon buɗe ido na Soudah Peaks a 2023 ana gine-gine a yankin, ku tambayi mutanen gari hanyar da ke buɗe kafin ku ɗauki jaka. Hanyar Akabatus Samma da ke gangarawa Rijal Alma ma akan rufe ta in ruwa ya yi ƙarfi.

Wani matashi, Riyad:
Haba jama'a, kada ku kashe musu gwiwa. Dubban mutane ke zuwa Abha a Agusta saboda wannan hazon da ruwan. Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ku tafi kawai abokina.

Dattijo direba:
Yaro, ba wanda ya ce kada su je. Masu zuwan da kake gani a mota suke, in hadari ya taso su koma masauki. Waɗannan da ƙafa za su shiga daji. Kuma mutanen Jidda ba sa buƙatar a faɗa musu aikin saili, sun ga na Nuwamban 2009 da ya ci rai sama da 100 a cikin gari.

Ma'aikaciyar jinya, Makka:
Ƙanena, ni yaron nan mai asma ne a raina. Iska mai sanyi da hawan tudu duk suna tayar da ita, kuma a mita 3,000 numfashi na yi wa mai lafiya ma nauyi. Ya ga likitansa kafin tafiya. Abin shaƙarsa ya zama biyu, ɗaya a aljihunsa, ɗaya a naka, ba a ƙasan jaka ba. Daren farko ku kwana cikin garin Abha, jiki ya saba. In ya kasa ƙarasa magana ba tare da ya tsaya ya ja numfashi ba, tafiya ta ƙare, ku sauka da shi. Irinsu kunya ke hana su faɗa, don kada a ce su suka ɓata wa abokai tafiya, sai ka sa masa ido.

Kuma jallabiya da wandon jins in sun jiƙe ba sa bushewa, sai su janye ɗumin jiki. Kowa ya ƙulle kaya busassu a leda, da rigar ruwa da ta sanyi. Silifas a bar shi a mota.

Wani ɗan uwa, Ɗa'if:
Ku kula da gwaggon biri, sun saba da mutane, suna fizge leda a hannu. Kada ku ba su abinci. Lambar Difa'ul Madani, wato hukumar ceto da kashe gobara, 998, motar asibiti 997, amma akwai kwazazzaban da waya ba ta kamawa, don haka ku bar wa wani a gari sunan hanyar da za ku bi da lokacin dawowarku. Ikama, wato katin izinin zama, a aljihu, cikin leda.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Baba da Yaya ma'aikaciyar jinya da kowa. Daren jiya na karanta wa abokaina duk amsoshin nan. Yaya ya yi shiru da aka zo labarin awakin, daga baya ya ce shi zai riƙe agogo. Mun tsaida cewa za mu je. Daren farko a Abha, hawa bayan Asuba, ƙarfe sha ɗaya ta yi mu juyo ko mun kai ko ba mu kai ba, kuma duk wanda ya ce a koma, an koma, ba gardama. Tanti sai a wurin da aka tanada kusa da mota, Rijal Alma kuma da mota za mu gangara in hanya a buɗe take. Gobe zan kai ƙaramin wurin likita, daga nan in kira Ummansa in faɗa mata yadda muka shirya.