Ayyukan Scratch na ɗalibaina sun ƙi buɗewa, ga shi zango ya zo ƙarshe

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da darasin kwamfuta a wata makarantar sakandare, kuma aikin ƙarshen zangon da na ba ɗalibai shi ne kowane rukuni ya haɗa ƙaramin wasa da Scratch. Wasu sun yi nasu a gida da Scratch 3, wanda yake adana aiki a matsayin .sb3, alhali kwamfutocinmu tsofaffi ne masu Windows 7, kuma Scratch 2 da ke kansu ba ya buɗe irin wannan fayil. Intanet ɗinmu ba abin dogaro ba ne. Ba na son in ba yaran maki ba tare da sun gwada wasanninsu a gaban aji ba, domin sun sha wahala a kansu. Don Allah, akwai hanyar mayar da .sb3 zuwa .sb2 ba tare da aikin ya lalace ba?