Gidajen ƙuri'a na bakin tashar jirgi a Bronx: wa ya taɓa samu?

Ɗan Nima: Salamu alaikum jama'a. Kullum in na hau jirgi mai lamba 4 ta Jerome Avenue sai in ga sabon bene ya tashi, an kafa allo wai gidaje masu sauƙin haya. Shekara uku ke nan ina shiga ƙuri'ar Housing Connect, shafin da birnin New York ke raba irin waɗannan gidaje ta hanyar ƙuri'a, shiru kake ji. Akwai wanda ya taɓa samu a cikinmu, ko dai labari ne kawai?

Maman Khalil: Wa alaikumus salam. Ba labari ba ne, ɗan'uwa, ni na samu, sai dai na sha jira. Lambata a ƙuri'ar ce ta fito ƙarama, masu ƙananan lamba kuwa su ake fara kira, aka kira ni da takardun albashi, na haraji da na banki. Yanzu minti huɗu ne daga ƙofata zuwa jirgin D. Aikin kula da tsofaffi nake, ƙarfe shida nake fita. Da can bas biyu nake hawa kafin in kai tasha, in lokacin sanyi ne yatsuna har ƙagewa suke cikin safar hannu. Motar da ke cinye mana kuɗin inshora ma mun sayar da ita.

Badamagare: Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ni an kira ni, na faɗi a wajen takardu. Tasi nake ja, samun wannan wata daban, na wancan daban. Ma'aikaciyar kamfanin ginin ta juya takarduna ta ce kuɗina bai kai ba. Gidan talaka, amma talauci ya hana ni shiga!

Malam na Tremont: Badamagare, ba kai kaɗai ba ne, ni ma sau biyu ana mayar da ni. Abin da na gano shi ne, rangwamen nan na mai gini ne tun farko. Tsarin 421-a, wanda aka fara a 1971, a fasalinsa na ƙarshe yana rage wa mai gini harajin gida har shekara 35 in ya ware wani kaso na ɗakuna don haya mai sauƙi. To, "sauƙin" da matsakaicin samun yankin New York gaba ɗaya ake auna shi, ba da aljihun mutanen Bronx ba, kuma an yarda a ware ɗakunan ga masu samun kashi 130 cikin ɗari na wannan ma'auni. Ina direban tasi zai kamo nan? Tsarin ya ƙare a Yunin 2022, aka kawo 485-x a 2024, wanda ya sauko da ma'aunin. Sannan tun 2016 birnin ya daina tilasta gina wurin fakin ga irin waɗannan ɗakuna in suna kusa da jirgi.

Maman Khalil: Haka ne, Malam, gininmu ba fakin ko ɗaya. Maƙwabcina sai ya yi ta zagaye unguwa da dare yana neman gurbi. Wanda duk ya samu, ya karanta takardar da ake liƙawa a bayan yarjejeniyar haya, nan ake rubuta shekarar da rangwamen zai ƙare. Ni sai da ɗiyata ta nuna mini.

Ɗan Nima: Na gode ƙwarai. Hajiya, ƙarar jirgin fa, ana iya barci?

Maman Khalil: Namu ta ƙarƙashin ƙasa yake bi. Masu kallon lamba 4 ta taga za ka tambaya.