Kafet ɗin falo da tarin yaro: in wanke da kaina ko in kira masu inji?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Autana shekararsa 3, kusan wata biyu ke nan da ya zauna wasa a falo sai atishawa, hanci na zuba, ido ya yi ja yana ta murzawa. Da dare kuma tari. Mun je wajen kakarsa mun yi kwana goma, ko sau ɗaya bai yi atishawa ba, ranar da muka dawo abin ya dawo. Maigidan ya ce kafet ne, ni kuma na ce ai kullum ana share shi. Irin mai bin bango ne, shekara 4 da shimfiɗawa, ba a taɓa wanke shi ba. In wanke da kaina ne ko in kira masu inji?

Goggo: Wa alaikumus salam. Shekara huɗu ba wanki? 'Yar nan, je ki ɗaga kusurwa ɗaya ki leƙa ƙarƙashi, ki dawo ki ba mu labari. Tsintsiya saman kawai take lasa, abin da ta tayar ma rabi komawa yake ya kwanta inda ya fito.

Anti Nas: Allah ya ba shi lafiya. Kafin a zo kan kafet, Maman Biyu, ki kai shi likita ya saurari ƙirjinsa. Tarin dare ga yaro, musamman in kina jin numfashinsa na fita da ɗan fito, yana iya zama asma, kuma asma ba wanki ke maganinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ne ke fama da ita a 2019, kuma ita ce kan gaba a cututtukan da ke daɗewa a jikin yara.

Amma maigidanki bai yi kuskure ba da ya zargi kafet. Akwai wasu ƙananan ƙwari da ke rayuwa cikin ƙurar gida, dangin gizo-gizo ne, ƙafa takwas, tsawonsu bai kai sulusin milimita ba, don haka ido ba ya kama su. Ba sa cizo, ba sa shan jini. Abincinsu saɓar fatarmu da ke zuba kullum ba mu sani ba. Abin da ke tayar wa mutum da hanci da ƙirji shi ne kashinsu da ɓarɓashin gawarsu. Kashin nan yana da ɗan nauyi, ba ya daɗewa a iska, sai an taka ko an yi tsalle ya tashi, can an jima ya sauka. Shi ya sa babba zai zauna a kujera lafiya lau, yaro kuwa da hancinsa ke dab da ƙasa shi ke kwashewa.

Maman Biyu: Innalillahi. Anti, wato duk sharar nan da nake yi tayar masa da su nake?

Anti Nas: In yana ɗakin, e. Ki riƙa fitar da shi tukuna, a buɗe tagogi, kuma kada ya shigo sai ƙura ta lafa.

Baban Auta: Ni dai bari in faɗi nawa don kada wani ya maimaita. Bara na ce me zai sa in biya wani kuɗi ga hannuna ga ruwa. Na sa yara muka fitar da kujeru, na kaɗa garin sabulu a bokiti, muka bi shi da buroshi tun safe. Ranar kam kafet ya yi kyau, har ina yi wa uwargida gori. Kwana uku falo ya ɗau wani wari kamar an manta jiƙaƙƙen tsumma a leda. Muka kunna turare, muka fesa na kanti, abin ya haɗu ya zama wani wari na daban. Da na ɗaga gefe sai ga soson ƙasa sharkaf, bayan kafet ɗin duk ɗigo-ɗigon baƙi. Ƙarshenta naɗe shi muka yi muka zubar. Garin neman gira na rasa ido.

Tsohon Mai Wanki: Yallaɓai, sannu. Na yi shekaru ina wannan sana'a kafin in bari, kuma irin naka na gani ba adadi. Zuba ruwa kowa ya iya. Fitar da shi ne aikin, kuma shi kake biya in ka kira mai inji. Kafet mai bin bango hawa uku ne: gashin sama, bayan da ke riƙe gashin, sai soson ƙasa. Ruwan bokiti yana ratsawa har soso, soso kuwa ba ya sakin ruwa, ga siminti a ƙasa ga kafet a sama, iska ba ta da hanya. Funfuna tana fara kamawa cikin awa 24 zuwa 48. Wannan ɗigon baƙin da ka gani ita ce, kuma ƙurarta ma tana da illa ga mai asma.

Na biyu sabulun. Garin wankin kaya an yi shi ne don a ɗauraye shi da ruwa mai yawa. A kafet ba ka da halin ɗauraya, sai ya bushe a jikin gashin yana danƙo, duk ƙafar da ta taka ta bar masa datti. Shi ya sa za ka ji mutum na cewa tun da na wanke kafet ɗina ya fi saurin yin dauɗa. Gaskiya ya faɗa, sabulun da ya bari ne.

Maman Biyu: Malam, to in na kira su ta yaya zan gane na kirki? Ban san komai a kai ba, kada a zo a yi mini irin ta Baban Auta kuma in biya.

Tsohon Mai Wanki: Hajiya, tun a waya za ki fara ganewa. Ki tambaye shi awa nawa zai ɗauka ya bushe. Mai aikin kirki zai ce miki tsakanin awa 6 zuwa 12, in iska na da laima ya ɗan fi haka, amma kada ya wuce yini da kwana. Wanda ya ce kwana biyu ko uku, injinsa ba ya zuƙa, ki yi masa godiya ki kashe waya.

In sun zo ki tsaya ki gani. Dole su fara bin shi da injin zuƙar ƙura a bushe, a hankali, kafin ɗigon ruwa ya taɓa shi, don yawancin dattin kafet busasshe ne, yashi da ƙura, in ya jiƙe ya zama taɓo. Masu gaggawa nan suke tsallakewa. Sai su gwada maganinsu a wani lungu su ga ko launi zai zuba. Sai a fesa maganin a bar shi kamar minti 10 ya narkar da maiƙo, a ɗan goga, sannan babban injin ya bi. Shi wannan yana feso ruwan zafi da ƙarfi yana zuƙe shi nan take. Mutane na ce masa wankin tururi, amma ruwan zafi ne. Ki lura ko suna komawa kan wurin da suka wanke suna zuƙa kawai ba feshi. Wannan komawar ita ke rage awannin bushewa. Ki ce su nuna miki ruwan da ke cikin tanki, za ki sha mamaki.

Akwai kuma masu zuwa da inji mai faifai yana juyawa da tsumma a ƙasa. Wannan na otal ne da ofis, inda ake son a taka nan da awa guda. Fuska yake gyarawa, ba ya kai wa gindin gashi. Don lafiyar yaro ba shi kike nema ba.

Goggo: Ka manta ƙafafun kujera. Ni an taɓa mayar mini da teburi kan danshi, ƙafar ƙarfe ta bar mini tsatsa huɗu reras, har kafet ɗin ya mutu suna nan.

Tsohon Mai Wanki: Haka ne Goggo, na gode. A sa leda ko ɗan katako mai rufi a ƙarƙashin kowace ƙafa har ya bushe. Ƙafar kujera ta katako ma tana zubar da fentinta. Fanka kuma ta kwana tana aiki.

Amarya: Don Allah in ɗan shigo da tawa. Kyanwata ta yi fitsari a dardumar ɗakina, ta ulu ce, kyauta aka ba ni. Na goge amma warin na nan. Wata ta ce in zuba bilic da ɗan ruwan khal. In yi?

Anti Nas: Kul! Ƙanwata kada ki soma. Bilic in ya haɗu da khal iskar kulorin yake fitarwa, in ya haɗu da amoniya, wadda ke cikin tsohon fitsari, ya fitar da wata gubar. Duka biyun suna ƙona ido da maƙogwaro da huhu, balle a ɗaki rufe. Bilic ba a gauraya shi da komai sai ruwa.

Tsohon Mai Wanki: Kuma ko shi kaɗai ne, bilic cin ulu yake, ba launi kawai ba, gashin kansa. Amarya, in sabo ne a danna farin tawul a kai ya tsotse, a canza wani, kada a goga, guga tura shi ciki take tana faɗaɗa tabon. Tunda naki ya kwana, ki nemi maganin fitsarin dabbobi mai sinadarin enzayim, shi ke narkar da abin da ke kawo warin. Ki gwada a gefe tukuna. Kada ki sa ruwan zafi. In darduma ce mai daraja, gara ki kai wa masu wankin darduma su wanke ta a wajensu, inda za su ɗauraye gaba da baya su shanya ta a shimfiɗe.

Malam Mai Ja: Ku yi haƙuri zan ɗan ja da ku, kun san hali. Maganar nan da ake yawan yi, wai a wanke kafet duk wata 12 zuwa 18, daga ina ta fito? Daga ƙungiyar masu masana'antar kafet ta Amurka, wato masu sayarwa. Ban ce ƙarya suke ba, don kafet ya daɗe shawara ce mai kyau, yashi na yanka gashi kamar zarto in ana takawa. Amma batun lafiya daban. A 2008 cibiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje sama da 50 da aka yi kan hanyoyin yaƙi da ƙwarin ƙurar nan, na magani da na inji da na rufin katifa, ba ta ga sun sauƙaƙa wa masu asma ba. Kada Maman Biyu ta kashe kuɗi tana jiran yaro ya warke washegari.

Anti Nas: Malam, ban musa ba, shi ya sa na fara da likita. Sai dai ka duba dalili. Ƙwarin nan ba a kafet kaɗai suke ba, babban gidansu katifa da matashin kai, inda yaro ke kwana awa goma. Ka wanke falo ka bar gado, me ka yi? Kuma ko ka kashe su yau, in ɗaki na da laima wata kaɗan sun dawo, don ba sa shan ruwa, daga iska suke tsotsa. In laimar ɗaki ta sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100 bushewa suke. Sannan ba su kaɗai ne a kafet ba. Akwai gashin kyanwa da yawunta, ƙwan ƙuma, abin da takalmi ya kwaso daga titi, madarar da ta zube aka goge sama-sama, aman yaro da gudawa. Mai rarrafe hannunsa daga nan sai baki. Wannan ba sai an jira wani bincike ba.

Malam Mai Ja: A nan mun haɗu. Ni dai abin da na ƙi shi ne mai wanki ya zo yana tallar kansa kamar likita.

Tsohon Mai Wanki: Ni ma na ƙi shi, Malam. Wanda ya ce zai kashe miki ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari, ko ya cika ɗaki da ƙamshi don kada a ji abin da ya bari, ba na yabonsa. Gidan mai asma ma cewa nake a bar turaren gaba ɗaya. Kuma akwai kafet ɗin da ba na karɓa ko nawa za a ba ni: wanda ruwan masai ko na kwata ya shiga, da wanda funfuna ta ci bayansa. Wannan sai shara, har sosonsa.

Goggo: Ni tun da jikokina suka fara zuwa na cire mai bin bango na koma ƙananan darduma. Duk sati a fitar a baza a rana ta gasu gaba da baya, a kakkaɓe can nesa da ƙofa. Takalmi kuwa ko na wane ne a bakin ƙofa yake tsayawa.

Anti Nas: Goggo ta fi mu dabara. Rana mai zafi tana kashe ƙwarin ƙurar, amma kashin yana nan sai an kakkaɓe ko an zuƙe, kuma mai kakkaɓar ya sa takunkumi. Maman Biyu, zanen gadon yaron da rigar matashi a wanke duk sati da ruwa mai zafin digiri 60, ruwan sanyi ba ya kashe su sosai. In za ki sayi injin zuƙar ƙura ki duba mai matatar HEPA, wadda ke riƙe kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Mai arha marar matata ta gaba yake sha ya feso ta baya. Sau ɗaya ko biyu a sati, a tafi da shi a hankali.

Maman Biyu: Goggo, na je na ɗaga kusurwar bayan kujera kamar yadda kika ce. Wallahi kunya ta kama ni ni kaɗai. Yashi ne lallausa kamar an tankaɗe, har da wani ɗan kunnena da na nema na gaji. Amma a bushe yake, ba baƙi, ba wari. Gobe da safe za mu je asibiti in sha Allah. Mun yi magana da maigidan, na ɗakin yara za a cire shi gaba ɗaya, na falo a kira masu inji ranar da zan kai su wajen kakarsu su kwana biyu. Malam, soson ƙasan fa, tunda za a ɗaga, a canza shi ko a bar shi?

Tsohon Mai Wanki: Ki matsa shi da yatsa, Hajiya. In ya dawo yadda yake kuma ba ya wari, a share ƙarƙashinsa a mayar. In ya lotsa ya zauna, ko yana marmashewa a hannu, a canza. A ce musu su ja kafet ɗin ya miƙe sosai kafin su sa ruwa, in ba haka ba zai bushe da tudu a tsakiya.

Amarya: Na samo mai enzayim ɗin, an rubuta a bar shi ya jiƙa kafin a tsotse. In rufe wurin da leda ko in bar shi a buɗe?