Shawarwari ga mai son sana'ar raya tsofaffin gine-gine

A wata tattaunawa da masu zayyanar gine-gine, magina da ɗalibai suka yi a Yamai, shawarar da ta fi yawa ita ce matashi ya haɗa karatun boko da zama gaban maginan gargajiya. An ambaci EAMAU, makarantar koyon zayyanar gine-gine da tsara birane ta Lome, da CRAterre, cibiyar binciken gini da ƙasa ta Faransa, sai dai dattawan sun nanata cewa sanin kwaɓin ƙasa, jeren azara da gyaran indararo kafin damina a bakin aiki ake samunsa.

An daɗe kan misalin Dandaji a jihar Tawa, inda masu zayyanar gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa matsattse, aka kammala a 2018. Abin da ya burge mahalarta, ni ma haka, shi ne an sa maginan yankin cikin gyaran, don haka ginin bai fita hannun mutanensa ba.

An ja kunne sosai game da yaɓe bangon ƙasa da siminti, domin yana tsare laima a ciki har bangon ya rube daga tushe.

Game da abin kai bakin salati kuwa, ayyukan ba su da yawa, saboda haka aka ce mai farawa ya riƙa karɓar zanen gidaje na yau da kullum, yana kuma neman horo a Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon birninta cikin kayan tarihin duniya a 2013.