Idan an soke takardar wakilci ban sani ba, wa zai ɗauki asarar?

Mai_Nema:
Assalamu alaikum. Masana shari'a, ina neman haske. Mutum ya zo da takardar wakilci, ya ce mai dukiya ya ba shi ikon sayar da kadara ko cire kuɗi daga asusu. Wanda aka kawo wa takardar ya karɓa, aka gama ciniki. Daga baya sai a gano mai dukiyar ya soke wakilcin tun makon jiya, ko ma ya rasu. Cinikin ya rushe ke nan? Wace kariya doka ta ba wanda ya karɓa da zuciya ɗaya?

Barista_Fili:
Wa alaikumus salam, Malam. Yawancin dokoki suna tare da wanda bai sani ba, in dai matsalar ita ce sokewa. A Ingila, sashe na 5 na dokar takardun wakilci ta 1971 ya ce wanda ya yi hulɗa da wakili ba tare da sanin an soke ikonsa ba, cinikinsa na nan daram kamar ba a soke ba. Sai dai dokar ta ɗauki sanin abin da ke kashe wakilci a matsayin sanin sokewa. Wato in labarin rasuwar mai dukiya ya iso kunnenka, ba ka da ta cewa, ko da babu wanda ya rubuto maka.

Sashen ya kuma kula da mai saye na gaba, wanda ya saya daga hannunka. Ana yanke masa cewa kai ba ka sani ba idan an kammala cinikinka da wakilin cikin wata 12 daga ranar da takardar ta fara aiki, ko kuma ka yi takardar rantsuwa kafin nasa cinikin ko cikin wata 3 bayan kammala shi. Shi ya sa lauyan mai saye ke fara duba kwanan watan takarda kafin komai. Tsohuwar takarda ba matacciya ba ce, amma tana bukatar ƙarin shaida.

Dokar farar hula ta Faransa, sashe na 2005, a kan wannan layi take: sokewar da aka sanar da wakili shi kaɗai ba ta zama hujja a kan wanda ya yi ciniki cikin rashin sani. Mai dukiya sai ya nemi haƙƙinsa a wajen wakilinsa.

Hajiya_Lauya:
Barista ya yi bayani, amma a raba abu uku da mutane ke cakuɗawa: takardar da aka soke, takardar jabu, da wakilin da ya wuce gona da iri.

Ta farko ce ke da cikakkiyar kariya. Ta biyu tana da haɗari, domin asalin ƙa'ida shi ne sa hannun jabu ba ya haifar da komai, kuma sashen na Ingila maganar sokewa kawai yake yi. A Amurka an ɗan faɗaɗa. Samfurin dokar wakilci na 2006, wato daftarin da aka tsara don jihohi su kwaikwaya, wanda jihohi da dama suka ɗauka, ya ce a sashe na 119 wanda ya karɓi takarda mai ɗauke da shaidar notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, da zuciya ɗaya, ba tare da haƙiƙanin sanin cewa jabu ce ko ta mutu ba, yana iya dogara da ita. Amma ba kowace jiha ta ɗauke shi ba, wasu kuma sun gyara lafazin, don haka sai an duba ta inda ake cinikin.

Ta uku ita ce wadda ke kayar da mutane, kuma laifin mai karɓa ne. Takarda ta ce a kula da gida a karɓi haya, wakili ya zo zai sayar. Ikon kula ba ikon sayarwa ba ne, kotuna kuma suna matse lafazin irin waɗannan takardu, ba sa shimfiɗa shi. Abin yana rubuce a gabanka, to ina rashin sanin? Haka kyauta daga dukiyar mai ita, sauya sunan mai cin gajiyar inshora, ko wakili ya wakilta wani: samfurin na Amurka ya ce sai an ambace su ƙarara. In ka ga kuɗin za su faɗa asusun wakilin kansa, tsaya nan.

Abu_Rajista:
Ga abin da ake yi a kan tebur. Nemi ainihin takardar, ko kwafin da aka tabbatar shafi bayan shafi, ba hoton waya ba. Ƙirga shafukan, duba ko lambobinsu sun bi juna, domin shafin da aka zare galibi shi ne mai ɗauke da iyaka. Gwada sunan wakili da katin shaidarsa harafi da harafi. Duba ko akwai wa'adi, ko sharaɗin cewa ba ta fara aiki sai likita ya tabbatar mai dukiya ya kasa gudanar da al'amuransa. In wakilai biyu ne, karanta ko an ce su sa hannu tare ko kowa shi kaɗai. Sannan sa wakili ya rubuta rantsuwa mai kwanan watan ranar cinikin cewa mai dukiya yana raye kuma bai soke ba. In da hali, kira mai dukiyar ta lambar da ka samo da kanka, ba wadda wakili ya ba ka ba, ka rubuta rana da lokaci a fayil.

Jan ƙafa ma yana da nasa hukunci a wasu wurare. Sashe na 120 na samfurin Amurka ya ba da kwanakin aiki 7 a karɓa ko a nemi rantsuwa, fassara ko ra'ayin lauya, sai kwanakin aiki 5 bayan an kawo. Banki ba zai ce sai an cike nasa fom ba, kuma mai ƙi ba dalili kotu na iya tilasta masa har ya biya kuɗin lauya.

Mai_Nema:
Na gode ƙwarai. To in ma'aikacin wani reshe ne ya san an soke, wanda ya karɓa bai sani ba fa?

Hajiya_Lauya:
A samfurin Amurka ana duba sanin ma'aikacin da ya gudanar da cinikin ne, ba na wani reshe ba. Don haka mai sokewa kada ya tsaya ga faɗa wa wakili. Ya aika wasiƙa ga kowane banki da ofishin rajistar da takardar ta taɓa shiga, ya karɓi shaidar isarwa, ya kuma karɓo ainihin takardar daga hannun wakilin.